Injin yana aiki, giya tana shiga, amma taraktar ta ƙi motsawa

Mai Jar Tarakta:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wata matsala da ta same ni jiya da hantsi, kuma zan yi bayaninta dalla-dalla domin kada ku sha wahalar tambaya. Taraktata Massey Ferguson 135 ce, mai injin Perkins na dizal mai silinda uku, wadda na gada daga mahaifina. Ina cikin huɗa da garma mai faifai, a giya ta biyu a lo (lo shi ne ƙaramin gudu mai ƙarfin ja, hai kuma babban gudu), sai garmar ta ci karo da wani tsohon kututture da ke binne a ƙasa. Na ji ƙara guda ɗaya daga ƙarƙashin kujera, kamar an buga guduma a kan ƙarfe, daga nan taraktar ta tsaya cak, alhali injin bai ko sauya murya ba. Na gwada giya uku na gaba da ribas, na gwada su a hai na gwada a lo, duk sandar tana shiga lafiya, amma idan na saki kuloci babu abin da yake motsi, sai wata 'yar gurza mai rauni da nake ji daga ciki. Haidurolik yana ɗaga garma kamar kullum. Wanda ya duba mini ita da yamma ya ce kuloci ne ya ƙone, a raba taraktar biyu a sauya faifai. Kafin in yarda a kwance mata ciki, ina so in ji ta bakin waɗanda suka fi ni sanin wannan ƙirar.

Direban Gona:
Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, ɗan'uwa. Ni dai ban ga alamar kuloci a cikin bayaninka ba. Faifan kuloci yakan yi gargaɗi kafin ya mutu: za ka ga injin yana ƙara gudu taraktar ba ta ƙara ba, za ka ji ƙaurin ƙuna, kuma abin yakan ɗauki makonni yana taɓarɓarewa. Ƙara guda ɗaya a lokacin da garma ta sarƙe, a sanina, sandar aksul ce ta karye. Hakan ya taɓa faruwa da ni a kan irin wannan taraktar, kuma abin da ka faɗa ya yi kama da nawa sosai. Idan sandar gefe ɗaya ta karye, difaranshiyal, wato rukunin haƙoran da ke raba juyi tsakanin tayoyin baya biyu, yakan tura dukkan juyin zuwa guntun da ya karye, saboda shi ne ba shi da nauyi a kansa, sai tayoyin biyu su tsaya kamar ba a sa giya ba. Ka shirya cire taya da hannun aksul.

Tsohon Makanike:
Malam Mai Jar Tarakta, ka yi daidai da ka dakata. Kada ka kwance ko noti ɗaya tukuna, ba na kuloci ba, ba na aksul ba. Duk waɗanda suka ba ka amsa suna iya yin gaskiya, amma zato ne kowannensu yake yi, kuma wannan taraktar tana da hanyoyin da za ta nuna maka da kanta inda ciwon yake.

Ka ɗauki abin kamar ruwan da ya taso daga rijiya ya bi ta kwata zuwa fadama, ya kasa isowa. Ba ka farfasa kwatar gaba ɗaya, sai ka bi ta kana duba inda ruwan ya tsaya. Ƙarfin injin yana fita daga filawul ya shiga faifan kuloci, daga nan ya bi sandar da ke shiga giyabos, ya ratsa haƙoran giya uku da ribas, ya isa ƙaramin rukunin haƙoran da ke bayan giyabos wanda yake ba da lo, sannan ya bi wata gajeriyar sanda da wani bututun haɗi mai haƙora a cikinsa zuwa finiyan. Finiyan shi ne yake juya babban faifan haƙora na baya, shi kuma ya juya difaranshiyal, daga nan sandunan aksul biyu su kai juyin ga tayoyi. A ɗaya daga cikin waɗannan mahaɗu ne ƙarfin ya yanke.

Kafin komai, ka amsa mini tambayoyi biyu. Shin taka mai giya shida ce ta gaba da biyu na baya, ko kuwa mai Multi-Power ce, wadda take da ɗan maɓalli kusa da sitiyari ta ba da goma sha biyu na gaba da huɗu na baya? Sannan tana da fedar kulle difaranshiyal a wajen diddigen ƙafarka ta dama?

Mai Jar Tarakta:
Na gode, Baba. Mai giya shida ce, ba ta da wancan maɓallin. Fedar kulle tana nan kuma tana aiki, domin ko a daminar da ta wuce na yi amfani da ita a wuri mai laka. Wani abu da ya ɗaure mini kai shi ne, tunda haidurolik yana ɗagawa kuma sandar PTO, wato sandar bayan tarakta da ke juya injunan da ake haɗa mata, tana juyawa, ashe ba hujja ba ce cewa kulocin lafiyarsa ƙalau?

Injiniyar Noma:
Malam, wannan hujjar rabi ce kawai, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Kulocin da aka saba samu a wannan ƙirar mai hawa biyu ne, wato faifai biyu ne a cikin gida ɗaya. Idan ka taka feda zuwa rabi, kana raba faifan da ke kai ƙarfi ga giyabos; idan ka taka har ƙasa, sai ka raba faifai na biyu, wanda yake juya sandar PTO da famfon haidurolik. Kowane faifai yana da sandarsa, ɗaya a cikin ɗaya suke tafiya. Saboda haka ɗagawar garma ta wanke faifai na biyu ne kaɗai, ba ta ce komai a kan na farko ba. Kuma ina so in ɗan gyara maganar Malam Direba, duk da cewa yawancinta gaskiya ce: faifan kuloci yana iya mutuwa farat ɗaya ba tare da ƙauri ba, idan cibiyarsa ta yage daga jikin faifan ko haƙoran cibiyar suka goge. Ba kasafai hakan yake faruwa ba, amma bugu irin wanda aka kwatanta yana iya jawo shi. Don haka har yanzu kulocin bai fita daga zargi ba.

Tsohon Makanike:
Malama ta faɗi abin da zan faɗa, kuma ta fi ni iya tsara shi. To, ga gwajin da za ka yi, kuma ka bi shi a jere.

Ka sauke garmar ka kwance ta, ka tabbata babu komai a jikin sandar PTO, kuma babu yaro ko dabba a gaba ko a baya. Ka hau kujera ka tayar da inji, ka sa giya ta ɗaya a lo, ka taka fedar kulle, ka saki kuloci a hankali. Idan ta motsa, to Malam Direba ya ci gari: sandar aksul ce ko ƙananan haƙoran difaranshiyal, domin kullewar tana tilasta wa gefen da yake da lafiya ya ja.

Idan ba ta motsa ba, sai gwaji na biyu, wanda na fi so saboda ba ya buƙatar inji. Ka duba sandar da ke gefen hagu a ƙarƙashin kujera, wadda ake sa PTO da ita. Tana da matsayi uku: na gudun inji, na firi, da na gudun ƙasa. A matsayin gudun ƙasa, sandar PTO tana karɓar juyinta ne daga wani haƙori da ke kan sandar finiyan, don haka ta zama tamkar taga da za ka leƙa finiyan ba tare da ka buɗe komai ba. Ka kashe inji, ka bar abin kashewa a jaye, ka cire makulli. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin injin dizal yana iya tashi idan aka juya shi ta taya. Ka tokare tayoyin gaba da ta baya guda da katako, ka ɗaga ɗayar da jak, ka sa kujerar ƙarfe ko ginshiƙin katako mai kauri a ƙarƙashin aksul, kada ka dogara da jak shi kaɗai. Ka sa PTO a gudun ƙasa, ka sa giya ta uku a hai, sannan ka juya tayar da hannu wani yana kallon sandar PTO a baya. Ka yi wa gefe ɗaya, ka sauke, ka yi wa ɗayan.

A tarakta mai lafiya, tayar za ta ɗan motsa ta tsaya, saboda injin ya riƙe ta. Idan taya tana juyawa sandar PTO tana tsaye, ɓarnar tana bayan finiyan. Idan taya tana juyawa sandar PTO ma tana juyawa tare da ita ba tare da tsalle ko sarƙewa ba, to daga finiyan zuwa taya komai a haɗe yake, sai mu koma gaba.

Direban Gona:
Baba, shekara da shekaru ina tuƙa irin wannan taraktar, ban taɓa tunanin amfani da gudun ƙasa ta wannan hanyar ba. Da na san wannan a lokacin da tawa ta lalace, da ban cire gefen da ba shi ne ya karye ba tukuna.

Mai Jar Tarakta:
Na yi duka yau da safe. Da na taka fedar kulle ba ta motsa ba ko kaɗan. Da na ɗaga tayar dama na juya, ta juya babu wata turjiya duk da tana cikin giya, ƙanina kuma ya ce sandar PTO tana juyawa sumul. Haka ma ta hagu. Mun juya kowacce zagaye da yawa domin mu ji ko akwai inda za ta sarƙe, ba mu ji ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne, idan na sauya juyin daga gaba zuwa baya, tayar tana tafiya da ɗan nisa kafin sandar PTO ta amsa, kuma ana jin ƙwas a ciki. In faɗi gaskiya, wannan ƙwas ɗin na fi shekara ina jin sa duk lokacin da na tashi daga gaba zuwa ribas, na ɗauka tsufa ne kawai.

Tsohon Makanike:
Madalla. Aksul ya fita daga zargi, difaranshiyal ma ya fita, babban faifan haƙora bai rabu da gidansa ba. Ka riƙe maganar ƙwas ɗin nan, za mu dawo mata, domin ina ganin ita ce ainihin labarin.

Yanzu saura kuloci, giyabos, da abin da ke tsakanin giyabos da finiyan. Kusa da sandunan giya akwai babban murfin da ake zuba mai. Ka buɗe shi, ka haska tocila, za ka ga wasu daga cikin haƙoran giya. Ka ɗaure hannun rigarka, kada ka sa yatsa ko wani ƙarfe a ramin. Ka bar gajeriyar sandar hai da lo a firi, ka taka birki, ka tayar da inji a mafi ƙarancin gudu, ka sa giya ta ɗaya, ka saki kuloci kana kallo. Idan haƙoran suna juyawa da ka saki, suna tsayawa da ka taka, faifan farko yana kai ƙarfi. Sai ka maimaita da gajeriyar sandar a hai kana taka birki: idan har yanzu suna juyawa ba tare da injin ya ji nauyi ba, ƙarfin yana fita daga giyabos ya ɓace a bayansa.

Ka kuma ce hai da lo duka sun mutu tare. Wannan ma shaida ce. A hai, juyin ba ya dogara da ƙananan haƙoran nan masu rage gudu, kai tsaye yake wucewa. Da su ne suka farfashe, da ka rasa lo ka tsira da hai. Tunda duka biyun sun tafi, abu biyu nake zargi: ko cokalin da ke tura mahaɗin hai da lo ya kwance daga sandarsa ya bar mahaɗin a firi, ko kuma bututun haɗin nan ya goge haƙoransa. Gurzar da kake ji ta fi kama da na biyun.

Ɗalibin Kanikanci:
Baba, a gafarce ni in yi tambaya a tsakiyar magana. Me ya sa masu ƙirar suka sa ɗan bututu a wurin da dukkan ƙarfin injin yake wucewa? Ashe da sanda guda ɗaya mai ƙarfi suka sa tun daga giyabos har finiyan ba za ta fi ƙarko ba?

Tsohon Makanike:
Tambayarka tana da kyau, ɗana. Da farko dai, giyabos da gidan baya gidaje biyu ne da aka ɗaure da notuna, dole a sami mahaɗin da za a iya zarewa idan za a raba su. Na biyu, idan bugu ya zo wanda ya fi ƙarfin ƙarfe, dole wani abu ya karye, kuma gara abin da zai karye ya zama ƙarami, mai sauƙin samu, mai sauƙin kaiwa gare shi. Wannan bututun shi ne yake ɗaukar dukan a madadin finiyan da haƙoran giyabos. Wanda ya taɓa sauya finiyan da babban faifansa, waɗanda ba a sauya ɗaya a bar ɗaya saboda tare aka wasa su suka saba da juna, shi ya san darajar wannan ɗan ƙarfen.

Mai Jar Tarakta:
Haƙoran giyabos suna juyawa, suna kuma tsayawa idan na taka kuloci. A hai ma suna juyawa ina kan birki, injin bai ji komai ba. Daga nan na rage man har ya sauka ƙasa da murfin gefe, na buɗe murfin dama mai ma'aunin mai, na haska. Na ga bututun. Da ƙanina ya juya taya, sandar finiyan tana juyawa a cikinsa shi yana tsaye. Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne man. Launinsa ya koma fari-fari mai kauri, kuma da na tsoma mayen ƙarfe a cikin wanda na tara a bokiti, ya fito da garin ƙarfe kamar gashi, har da wasu 'yan ɓarɓashi masu ƙyalli da suka fi garin girma. Na yi shekara huɗu ina ƙara mai ba tare da na juye tsohon ba, wannan laifina ne.

Mai Walda:
Ɗan'uwa, idan aiki yana jiranka a gona, akwai gajeriyar hanya. A ɗaga murfin sama, a goge wurin, a ɗiga walda a bakin bututun ya kama sandar finiyan, gobe ka koma huɗa. Na ga an yi haka kuma taraktar ta yi aiki. Idan kaka ta wuce sai ka yi gyaran a natse.

Injiniyar Noma:
Malam Mai Walda, na san taimako kake nufi, amma ina roƙon kada a yi wannan. Sandar finiyan ƙarfe ne da aka ƙona fatarsa ta yi tauri aka bar cikinsa da danƙo, kuma zafin walda yana lalata wannan tsari a daidai inda aka ɗiga ta, ya bar wurin da gautsi. Borisan finiyan suna nan kusa, zafin zai kai gare su, kuma idan wutar waldar ta ratsa ta cikinsu tana barin ƙananan tabo a kan hanyar da suke gudu. Ƙwayoyin ƙarfen da za su fantsama kuwa cikin man da famfon haidurolik yake sha za su faɗa, domin mai ɗaya ne yake hidimar giyabos da gidan baya da haidurolik gaba ɗaya. Ga haɗarin wuta a cikin gida mai tururin mai. Bayan duk wannan, an kawar da abin da aka ajiye domin ya karye, don haka kututture na gaba finiyan zai karya ko giyabos. Kuma ranar da za a raba taraktar, sai an yanka abin da aka liƙe.

Mai Walda:
Na karɓi maganar boris da ta famfo, Malama, ban kawo su a raina ba. Har yanzu dai ina ganin akwai ranar da mutum ba shi da zaɓi, amma tunda kayan wannan ƙirar ba su da wuyar samu, na janye shawarar.

Direban Gona:
To ai magana ta ƙare. A sayi sabon bututu, a ɗaga murfin haidurolik, a zare fin ɗin da ke tsakiyarsa, a sa sabo, a juye mai. Aikin yini guda ne, ba sai an raba tarakta ba.

Tsohon Makanike:
Ba ta ƙare ba, Malam Direba, yanzu ma aka zo wurin da ya fi muhimmanci. Wannan taraktar an fara ƙera irinta tun 1964, ke nan ta yi shekaru masu yawa tana aiki, kuma ba wannan ne kututturen farko da ta ci karo da shi ba. Me ya sa wannan karon ne haƙoran suka tafi? Mai ita ya gaya mana da bakinsa cewa ya fi shekara yana jin ƙwas. Haƙoran bututun sun daɗe suna cinyewa, kututturen ƙarasa su kawai ya yi. Abin da ke cinye irin waɗannan haƙora da wuri shi ne sanda mai rawa, kuma abin da ke sa sandar finiyan rawa shi ne borisan da suka saki. Ga ruwa a cikin mai, ga ɓarɓashi masu ƙyalli. Garin ƙarfe mai laushi na iya zama na bututun, amma ɓawo mai ƙyalli yawanci daga fuskar boris yake ɓantarowa.

Malam Mai Jar Tarakta, idan za ka ɗaga murfin sama, ka fara zare bututun man da ke tsaye a ƙarƙashin ɗan ƙaramin murfi, ka kuma raba mahaɗin da ke tsakanin murfin da famfo ta murfin gefe, in ba haka ba za ka lanƙwasa su. Murfin yana da nauyi ƙwarai, ku ɗaga shi ku biyu ko da abin ɗaga kaya, kuma a miƙe. Da zarar ka cire bututun haɗin, ka kama bakin sandar finiyan da hannu, ka girgiza sama da ƙasa, ka ja gaba ka tura baya. Borisan nan biyu masu siffar mazurari ana ɗaure su ne da ɗan matsi, don haka bai kamata hannunka ya ji wani motsi ba. Ka kuma duba haƙoran sandar kanta: idan sun yi kaifi kamar bakin wuƙa ko sun karkata gefe ɗaya, sabon bututu ba zai zauna a kansu ba.

Mai Jar Tarakta:
Baba, yadda ka faɗa haka na tarar. Cikin bututun ta gefen finiyan ya zama sumul, da ƙyar ake gane an taɓa tsaga haƙora a wurin. Haƙoran sandar finiyan suna nan da kaurinsu, na gwada sabon bututun a kai ya shiga da kyau babu lilo. Amma da na girgiza sandar, tana motsi sama da ƙasa har ido yana gani, kuma tana ƙara. Cokalin hai da lo yana nan a ɗaure da wayarsa. Zuciyata tana ce mini in sa bututun in yi aikin mako biyu da ya rage, amma ina jin nauyin yin hakan bayan abin da hannuna ya taɓa.

Injiniyar Noma:
Ka bi abin da hannunka ya gaya maka, Malam. Finiyan mai rawa ba bututu kaɗai yake ci ba. Duk lokacin da ka ɗora masa nauyi yana kaucewa daga inda ya kamata haƙoransa su zauna a kan babban faifan, sai nauyin ya taru a bakin haƙori maimakon tsakiyarsa. Mako biyu na huɗa ya isa ya ɓantare haƙori, kuma daga nan gyaran ya tashi daga boris ya koma na finiyan da faifansa. Tunda za ka raba ta tsakanin giyabos da gidan baya, ka yi a daɓe mai ƙarfi kuma shimfiɗaɗɗe, ka cusa katako mai tsini a gefe biyu tsakanin aksul na gaba da jikin taraktar domin kada rabin gaba ya kife, kowane rabi kuma ya sami abin da zai zauna a kai. Famfon haidurolik zai fito kafin ka kai ga gidan finiyan, to ka wanke matatarsa tun da ya zo hannu. Ka sauya borisan biyu tare da ƙaramin da ke riƙe ƙarshen finiyan, ka sa sabon noti, kuma matsin da za ka ba su ka ɗauko shi daga littafin gyaran wannan ƙirar ka auna, kada ka ƙiyasta. Kafin ka rufe, ka shafa ɗan shuɗin gwaji a haƙoran babban faifan ka juya, ka ga inda finiyan yake taɓawa.

Tsohon Makanike:
Ƙari biyu kawai. Bututun yana da ramuka fiye da ɗaya da za a iya sa fin ɗin da ke tsakiyarsa. Ka zaɓi wanda zai bar bututun da ɗan wasa kaɗan gaba da baya, ba a matse ba, ba kuma yana yawo ba, kuma fin sabo za ka sa. Sannan ruwan nan ba daga sama ya faɗo cikin man haka kawai ba, ko da yake daga saman ne: robobin da ke rufe gindin sandunan giya idan suka tsage, ruwan sama yana bin sandar ya gangara ciki, haka ma robar da ke bayan kujera inda babban sifirin yake. Ka sauya su duka. Ka kwance dukkan matosan ƙasa, ka kwashe laka da hannu ka wanke gidan da dizal, ka bar shi ya tsane. Taraktar tana shan kusan lita 30 na wannan man, kuma kada ka zuba mata man aksul mai kauri irin na manyan motoci, saboda famfon ma daga nan yake sha. Ka nemi man da aka yi domin giya da haidurolik na tarakta tare.

Mai Jar Tarakta:
'Yan'uwa, na dawo da labari bayan mako uku. Mun raba ta, mun fito da finiyan. Boris na gaba ya yi tsatsa, hanyarsa ta ɓantare a wurare da dama, wato daga nan ɓarɓashin nan masu ƙyalli suka fito. Haƙoran finiyan da na babban faifan sun tsira, shuɗin ya nuna suna taɓawa kusa da tsakiya. Robar babbar sandar giya kuwa a tsage take har yatsa yana shiga, kuma kullum ina kallonta ban taɓa haɗa ta da wani haɗari ba. Na yi kwana biyar ina aiki da ita yanzu, ƙwas ɗin nan ya ɓace gaba ɗaya, wani siririn kuka da take yi idan tana jan kaya, wanda na ɗauka muryarta ce tun ina yaro, shi ma ya tafi. Ba a taɓa kuloci ba. Allah ya saka muku da alheri, musamman Baba da Malama.

Abu ɗaya ya rage. Idan zan sa PTO a gudun inji, ko na taka feda har ƙasa sai haƙoran sun ɗan gurza kafin su shiga. Wannan ya daɗe, ba daga gyaran ya samo asali ba.

Tsohon Makanike:
Amin, mun gode da ka dawo ka sanar da mu. Wannan faifai na biyu ne ba ya sakuwa sosai, kuma shi ma ba sai an raba ta ba. Ka fara da wasan feda, domin idan ya yi yawa tafiyar fedar tana ƙarewa kafin ta kai hawa na biyu. Idan ka daidaita shi gurzar ba ta daina ba, akwai ɗan murfi a ƙarƙashin gidan kuloci. Ka buɗe shi inji a kashe, ka juya filawul da hannu, za ka ga kusoshin daidaitawa guda uku suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Ratar da ke kan kowannensu wajen milimita 2 ce, ainihin adadin yana cikin littafinka, kuma dole ukun su zama daidai da juna. Man da ka zuba kuma ka leƙa shi bayan aikin mako biyu. Idan ya sake yin fari, akwai sauran ruwa a lungunan gidan, sai ka juye shi tun yana da ɗumi.